Awara: Daga Ƙasar Sin Zuwa Kaskon Suya

Awara abinci ce da ake yi da madarar waken suya, kuma duk da yadda ta zama 'yar gida a Kano da Zariya da Maraɗi, baƙuwa ce da ba ta daɗe da sauka ba. Asalinta ƙasar Sin, inda aka fara noman waken dubban shekaru da suka wuce. Sinawa na jingina ƙirƙirarta ga wani basarake, Liu An, wanda ya mutu a shekara ta 122 kafin haihuwar Annabi Isa, sai dai wannan ya fi kama da labarin kunne ya girmi kaka. Rubutu mafi tsufa da ya ambace ta ƙarara na wajen shekarar 965 ne. A Japan an fara ganin sunanta a rubuce a 1183, kuma limaman addinin Buddha, da yake ba sa cin nama, sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa ta. Sinawa kan daskarar da madarar da garin jibsam, Japanawa kuma da ruwan nan mai ɗaci da ke saura bayan an fitar da gishiri daga ruwan teku.

An shafe ɗaruruwan shekaru ana sana'ar kafin a san abin da ke faruwa a cikin tukunyar. Kusan kashi 40 cikin 100 na busasshen waken suya furotin ne. Kowace ƙwayar furotin doguwar sarƙa ce ta amino asid wadda ta naɗe kanta tsaf, tamkar ƙwallon zare, ta ɓoye sassanta masu gudun ruwa a ciki. Idan zafi ya yi yawa, ko tsami, ko giya mai ƙarfi, sai naɗin ya kwance. Sarƙar ba ta tsinke ba, siffarta ce ta rushe, abin da ke ɓoye ya fito fili. Wannan shi ne warwarewar furotin, kuma shi ne ke mayar da ruwan ƙwai fari tas a kasko. Wani masani ɗan ƙasar Sin, Hsien Wu, shi ya fara bayyana lamarin haka a birnin Beijing a 1931, sannan Alfred Mirsky da Linus Pauling suka ƙarfafa bayanin a Amurka a 1936.

Manyan furotin biyu na waken ba tare suke warwarewa ba: ɗaya kan saki jiki a wajen digiri 70 na ma'aunin Salshiyos, ɗayan kuwa sai an kai wajen 90. Shi ya sa madarar da aka ɗumama kawai ba ta ba da awarar kirki. Dole ta tafasa. Akwai kuma wata fa'idar. Ɗanyen wake na ɗauke da wani furotin mai tare aikin narkar da abinci a hanji. Tun 1917 masu bincike Osborne da Mendel suka lura cewa ɓerayen gwaji ba sa girma yadda ya kamata da ɗanyen waken suya sai an dafa shi, a 1945 kuma Moses Kunitz ya ware sinadarin da ke jawo haka. Zafi na warware shi, ya kashe masa ƙarfi.

Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da waken suya cikin Najeriya a 1908, amma bai karɓu ba sai da aka kawo wani iri a 1937 wanda ya yi kyau a ƙasar Tibi da ke Binuwai. Don fitarwa waje ake nomansa, har yaƙin basasa na 1967 ya dagula cinikin. A cikin gida, matan kudancin Kaduna ne suka samo masa amfani, suna yin daddawa da shi a madadin kalwa. Awara ta biyo baya ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da matsin tattalin arziki ya sa nama da madara suka fi ƙarfin talaka. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi aikin koya wa mutane sarrafa waken, har da gudummawar wani ƙwararre daga Japan. Hanya kuwa a share take, domin Fulani sun daɗe suna daskarar da nonon shanu da ruwan tumfafiya su yi cuku.

Abin da ya zaunar da sana'ar shi ne ba ta buƙaci komai daga waje ba. Mai awara kan jiƙa wake, ta kai inji a markaɗa, ta tace da kyalle, ta ɗora madarar a wuta tana kwashe kumfa. Da ta tafasa sai ta riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, wato wanda ya kwanta a kan gasarar koko, ko jiƙon tsamiya, ko lemun tsami. Furotin ɗin da zafi ya warware suna ture juna ne saboda cajin lantarki iri ɗaya da suke ɗauke da shi. Tsamin ke rage cajin, sai su manne. Nan take farin curi ya taso, ruwan ya koma garai-garai mai ɗan rawaya. A nan gwaninta take, don in tsamin ya yi kaɗan ba za ta haɗe ba, in ya zarce ta yi tauri da gafi. Wasu kan zuba attarugu da albasa a wannan gaɓa kafin a juye a kyalle, a ɗaure, a danne da dutse ruwan ya tsiyaye.

Sauran aikin yanka ne da suya, wani lokaci a tsoma a ruwan ƙwai, a ci da yaji da kabeji. Awara ba ta jure ajiya a zafin ƙasar Hausa, saboda haka yawanci a ranar da aka yi ta ake tallarta. Dusar da ta saura a matata kuma masu kiwo ke saye su ba awaki da tumaki.