Gck: ma'aunin sukari a jikin ɓera

Gck ƙwayar halittar gado ce da ke kan kuromosom na 11 a jikin ɓera. Ita ke ba da umarnin ƙera sinadarin gulukokines, wanda ke aiki a hanta da kuma fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. A fankiriyas tamkar sikeli yake: idan sukari ya hau a jini, shi ke sa a saki insulin. A hanta kuwa yana taimakawa wajen adana rarar sukarin.

A 1995 masu bincike suka kashe ƙwayar a fankiriyas ɗin ɓeraye. Waɗanda suka rasa kwafi biyu sun mutu cikin mako guda da haihuwa saboda matsanancin ciwon suga. Masu kwafi ɗaya sun rayu, sai dai sukarinsu ya ɗan haura ƙima.

Ɗan Adam ma na da irinta, kuma tun 1992 aka danganta nakasarta da ciwon suga na gado mai suna MODY2. Yawancin masu shi ba sa buƙatar allura ko ƙwaya, amma akan ɗauke su masu ciwon suga na gama-gari, su shekara suna sayen magani. Gwajin ƙwayoyin gado ne ke bambance su.