Jirgin Shawagi: Daga Yarjejeniyar Basai zuwa Afienya

Gabatarwa

A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin da Hausawa fatake ke ratsawa zuwa Gwanja: Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Yendi kuma hannun Jamusawa. Yarjejeniyar Basai ta 1919, wadda ta tabbatar da raba Jamus da Yendi da sauran ƙasar Togo, ita ce kuma ta hana ta mallakar jiragen yaƙi. Wannan maƙala za ta nuna yadda hanin ya bunƙasa wata sana'ar hannu da ta iso Gana bayan shekara arba'in.

Asalin sana'ar

Jirgin shawagi shi ne jirgin sama marar inji, wanda ke hawa iska mai ɗumi yadda shirwa ke yi da rana. Tun a 1804 George Cayley na Ingila ya ƙera ƙaramin samfurinsa, shi kuwa Otto Lilienthal ya yi ta tashi da nasa daga 1891 har ya faɗo ya mutu a 1896. Da aka taƙaita wa Jamusawa jirage masu inji, sai ɗalibai suka koma ga wannan hanya, suka fara gasa a tsaunin Wasserkuppe a 1920.

Maƙerin samfuri yakan fara da zane a takarda. Daga nan sai ya yanka haƙarƙarin fiffike daga katako marar nauyi, ya jera su a kan doguwar sanda, ya lulluɓe da yadi ko takarda. Abu mafi wuya shi ne daidaita nauyi: idan ya rinjaya baya, jirgin ya ɗaga kai ya faɗo, idan ya rinjaya gaba, ya yi ƙasa da ka. Da irin wannan dabara ƙungiyoyi suka riƙa ƙera manyan jirage kamar Grunau Baby na 1931 daga zane kawai.

Makarantar Afienya

A Grunau ɗin Hanna Reitsch ta koyi tuƙi. Ta yi wa gwamnatin Nazi aikin gwajin jirage, har ta sauka Balin a Afrilun 1945 ta gana da Hitler. Duk da wannan tarihi, Kwame Nkrumah ya gayyace ta a 1962, aka kafa makarantar shawagi ta ƙasa a Afienya, kusa da Tema, ƙarƙashin J.E.S. de Graft-Hayford. Sai dai jiragenta, irin su Schleicher K7 da Slingsby T.21, ƙirar Turai ne.

Kammalawa

A ranar 24 ga Fabrairu 1966 soja suka kifar da Nkrumah, Reitsch ta bar ƙasar, aikin ya durƙushe. A Jamus sana'ar ta tsiro ne daga ƙasa, a hannun masu zane da sassaƙa. A Gana kuwa daga fadar shugaba ta sauko. Da icen ya faɗi, inuwarsa ta bi shi.