Allurar Rigakafin Mashaƙo Ga Masu Wankin Ƙoda

Mashaƙo cuta ce da ƙwayar bakteriya ke haddasawa, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Alamominta sukan bayyana kwana 2 zuwa 5 bayan kamuwa: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, da wata fata mai ruwan toka da ke shimfiɗuwa a maƙoshi har ta toshe numfashi. Dafin da ƙwayar ke fitarwa yana illata zuciya da jijiyoyi da ƙoda. A watan Janairun 2023 hukumar NCDC ta sanar da ɓullar cutar a Kano da Legas, don haka mazauna kudu ma abin ya shafe su.

A Najeriya ana yi wa jarirai rigakafinta cikin allurar Penta a sati 6 da 10 da 14. Manya kuma akwai allurar Td, wadda ta haɗa mashaƙo da tetanus. Ƙarfin allurar yana raguwa da shekaru, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a sabunta ta duk bayan shekara 10.

To amma mai wankin ƙoda lamarinsa daban ne. Idan ƙoda ta gaza, dattin da ke taruwa a jini yana raunana garkuwar jiki, sai jikin ya kasa amsa allurar yadda ya kamata. Binciken da aka yi a Jamus a shekarun 1990 ya nuna waɗanda suka samu cikakkiyar kariya bayan allurar ba su kai rabin masu wankin ƙodar da aka gwada ba. Waɗanda suka samu ɗin ma, kariyarsu tana saurin sauka fiye da ta masu lafiya.

Wannan ba ya nufin a bar allurar. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, dafin ne aka kashe masa kaifi, saboda haka ba ta jawo cutar. Abin da ya dace shi ne mara lafiya ya tambayi likitansa ko lokacin ƙarin allura ya yi. Inda hali ya samu, gwajin jini yana nuna yawan kariyar da ta rage. An fi samun biyan buƙata idan an yi allurar tun ciwon ƙodar bai kai ga wanki ba.

Mutanen gida su ma su yi tasu, musamman yara, domin su ne katangar mara lafiyan. In kuma ciwon maƙogwaro ya zo da kumburin wuya, kada a tsaya sayen magani a kemis, a garzaya asibiti, ko da kuwa an taɓa yin allurar.