Yumɓun Japan Da Ya Sauya Sana'ar Goge Mota

Kafin shekarun 1990, idan aka wanke mota tsaf amma jikinta ya ci gaba da kaushi a ƙarƙashin tafin hannu, mai gyaran fenti ba shi da dabara sai ta kankara. Yakan ɗauko man goge mai tsakuwa-tsakuwa ko samfefa mai laushi, ya yi ta cuɗa har dattin ya fita. Dattin kan fita, amma tare da wani ɓangare na fentin.

Wannan datti ba ƙura ba ce da ruwa ke wankewa. Ɓurɓushin ƙarfe ne da ke tashi daga burki, ko daga layin dogo lokacin da ake jigilar sababbin motoci a jirgin ƙasa, da toka daga masana'antu, da ƙaron itatuwa, da feshin fenti da iska ta ɗebo daga wani wurin aiki. Ƙarfen kan faɗo da zafinsa ya nutse cikin fenti, daga baya ya yi tsatsa, sai a ga ɗigo-ɗigon ruwan goro a jikin farar mota.

Lamarin ya ƙara tsanani a shekarun 1980, sa'ad da kamfanoni suka koma shafa wani fenti garai-garai a saman launi. Kaurin wannan shafi bai kai na silin gashi ba, kuma duk kankara ɗaya tana rage shi ba tare da ya dawo ba.

Mafita ta fito daga Japan. Wani mai suna Tadao Kodate ya haɗa wani danƙo na roba da garin goge mai laushi ƙwarai, ya samu dunƙule mai lanƙwasuwa da ake ce wa yumɓu, ko da yake babu ƙasa a cikinsa. A 1995 Amurka ta ba da takardar haƙƙin ƙirƙirarsa. Kamfanin Auto Wax na birnin Dallas ya riƙe wannan haƙƙi, ya sayar da kayan da sunan Clay Magic, ya kuma maka masu kwaikwayo a kotu. Sai da wa'adin haƙƙin ya ƙare kasuwa ta buɗe sosai, akwai kuma safar hannu da tawul masu shafin roba da ke yin irin aikin.

Hikimar tana cikin yadda ake aiki da yumɓun, kuma a nan ne ya cancanci yabo. Ana fesa ruwan santsi a jikin mota, a baje yumɓun a tafin hannu, a riƙa goga shi a hankali ba tare da dannawa ba. Yana sulɓewa a kan fenti, sai abin da ya yi tsini kawai yake tsinkewa ya haɗiye. Da fuskarsa ta yi datti, a naɗe shi a murza a fito da sabuwa. Idan kuwa ya faɗi ƙasa, sai shara, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana layi a bonet.

Masu sana'ar suna gwada aikinsu da leda: a sa hannu a ciki a shafa fenti, duk kaushin da ya rage zai bayyana. Yumɓu ba ya gyara ƙarzuwa, wani lokaci ma yakan bar ɗan dishi-dishi, shi ya sa folish ke biyo bayansa, sannan kaki. Wanda ya tsallake yumɓun ya kunna injin goge, dattin da ke maƙale zai shiga soso ya riƙa zagayawa a kan fentin.