Nasir Ahmed: Farfesan Da Ya Rage Wa Hoto Nauyi

Yau na ɗauko muku tarihin wani malami wanda kusan kowannenmu ke cin moriyar aikinsa kullum, amma da wuya a samu wanda ya san sunansa.

Ku ɗauki manomi a Tsiga da tsutsa ta faɗa wa masararsa. Ya ɗauki hoton ganyen, ya tura wa mai sayar da magani a Funtua ta WhatsApp. Sabis na rawa, data ta kusa ƙarewa, amma hoton ya isa. To, ta yaya?

Tushen amsar yana wajen Claude Shannon, wanda a 1948 ya nuna da lissafi cewa a cikin saƙo akwai maimaicin da za a iya zubarwa ba tare da an rasa bayanin ba. Saura a gano yadda za a yi wa hoto hakan cikin sauri. Nan Nasir Ahmed ya shigo.

An haife shi a Bangalore ta Indiya a 1940. Ya karanta injiniyan lantarki, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar New Mexico ta Amurka a 1966, ya fara koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas a 1968. A 1972 ya nemi tallafin bincike kan wata dabara daga gidauniyar kimiyya ta Amurka. Aka hana shi, wai dabarar ta cika sauƙi. Bai karaya ba. Shi da ɗalibinsa T. Natarajan da abokinsa K. R. Rao suka duƙufa, suka wallafa sakamakon a Janairun 1974 da sunan DCT.

Bari in sauƙaƙa muku yadda ake amfani da ita. Ana yanka hoto ƙananan gidaje, kowanne ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance, 64 ke nan. DCT ta ware abin da ido ke gani sosai daga ƙananan bayanan da ido bai cika lura da su ba. Kamar shiƙar hatsi ce: ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zauna. Hoto kan ragu kusan sau goma, kuma ka gane shi sarai.

Sai a 1992 aka gina tsarin JPEG a kan wannan dabara, shekara 18 bayan wallafa ta. Bidiyon YouTube da kiran bidiyo ma da ita suke tafiya. Shi kuwa Farfesa ya koma Jami'ar New Mexico a 1983, ya yi ritaya a 2001.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin hana shi tallafin. Sauƙin da aka raina shi ne ya sa ƙaramar waya ke iya aikin nan take. Ɗalibanmu na injiniya a ABU Zariya da BUK, idan an ce aikinku bai burge ba, ku gwada shi tukuna kafin ku jefar.

Sai mun haɗu a kashi na gaba, ku huta lafiya.