Daga Zangon Fatake Zuwa Rana: Tarihin Awon Nisa

Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ya san sunan unguwarsa, amma ba kowa ya lura cewa sunan nan ma'auni ne ba. A bakin fatake, zango shi ne wurin da ayari yake sauka ya kwana, shi ne kuma tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. In an tambayi madugu nisan Salaga daga Kano, ba zai ambaci mil ba, sai dai ya lasafta zango nawa, kwana nawa. Haka kakanninmu suka auna hanyar goro. Zane kuwa da kamu suke aunawa, igiyar rijiya da gaba, fili da taki. Jikin mutum shi ne ma'auninsa.

A shekara ta 1817 wani Baturen Ingila, Thomas Bowdich, ya zo Kumasi a zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu, a 1820 kuma Joseph Dupuis ya biyo bayansa. Dukansu biyu sun zauna da Musulmin da ke garin, malamai da 'yan kasuwa, suna tambayarsu hanyoyin arewa. Amsar da suka samu duk ta kwanaki ce. Sai ya zamana dole su mai da kwana ya koma mil kafin su zana taswira. Nan wahalar take, gama tafiyar yini a kurmi da damina ba ɗaya take da tafiyar yini a sarari da rani ba, jaki mai kaya kuma ba ya tafiya kamar manzon sarki.

To, shi wannan mil da suka zo da shi, daga ina ya fito? Ba na Ingila ba ne tun asali, na Romawa ne. A harshen Latin kalmar tana nufin dubu, wato taki dubu. Amma takin Romawa biyu ne a namu lissafi: daga inda ƙafar dama ta tashi har inda ta sāke sauka. Taki ɗaya ƙafa biyar ne, ƙafa kuwa wajen santimita 29.6. Saboda haka mil na Roma ƙafa 5,000 ne, kimanin mita 1,480. Sun kakkafa duwatsu a bakin hanyoyinsu, kowane mil da dutsensa, a shekara ta 20 kafin haihuwar Almasihu kuma Kaisar Augustas ya kafa ginshiƙin da ake kira mil na zinariya a tsakiyar birnin Roma. Wannan mil ne Matiyu ya ambata a sura ta 5, inda ake maganar tilasta wa mutum tafiya. Masu sauraro sun san shi sarai, don hukumar Roma takan tilasta wa talaka ɗaukar kaya.

Akwai kuma sitadiya, ma'aunin Helenawa da Romawa suka ara. Sitadiya takwas ne mil ɗaya, kowace wajen mita 185. Luka ya ba da nisan Imuwasu daga Urushalima sitadiya 60, wato kilomita 11 da 'yan kai, shi ya sa masu fassara sukan mai da shi wajen mil bakwai. Betanya kuwa sitadiya 15 ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da wannan ɗan ma'auni na filin tsere mutanen dā suka yi ƙarfin halin auna sama. Filini Babba, marubucin Roma da ya mutu a shekara ta 79 sa'ad da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta, ya rubuta lissafin wani masani Bahelene mai suna Fosidoniyus. A wannan lissafi, zuwa wata sitadiya miliyan 2 ne, daga wata zuwa rana kuma miliyan 500. Bari mai karatu ya ɗauki alƙalami mu gwada. Miliyan 2 sau mita 185 ya ba da kilomita 370,000. Nisan wata da aka auna a zamaninmu kilomita 384,400 ne. Ashe mutumin bai yi nisa da gaskiya ba! Na rana kuwa ya ba da kilomita miliyan 92 da rabi, alhali ainihinsa ya kusa miliyan 150. Ya gaza ƙwarai, amma a cikin mutanen dā da wuya a sami wanda ya fi shi kusa.

Sai dai kada mu yi saurin tafa masa. Sitadiya ba iri ɗaya ba ce a ƙasashen Helenawa, wata ta fi wata tsawo. In aka ɗauki gajeriya, mai mita 157, watan nan zai dawo kilomita 314,000, yabon kuma ya ragu. Wanda ya mai da tsohon ma'auni zuwa sabo ba tare da ya faɗi wanne ya ɗauka ba, kamar mai sayar da hatsi ne da ya ɓoye mudunsa. Matsalar Bowdich ke nan da kwanakin fatake.

Awon rana na ƙwarai bai samu ba sai a 1672, lokacin da Cassini a Faris da Richer a Kayen, a Amurka ta Kudu, suka dubi tauraron Mirrihu a lokaci guda, suka fitar da wajen kilomita miliyan 140. Masana taurari suka mai da nisan duniya da rana ya zama kamunsu na auna sama. A 2012, a taronsu na Beijin, suka tsai da shi a kan mita 149,597,870,700 daidai. In aka raba wannan da 1,480, za a sami mil na Roma miliyan 101. Da mil na Ingila, wanda dokar 1593 ta ƙara masa tsawo zuwa ƙafa 5,280, miliyan 93 ne. Rana ba ta motsa ba, ma'auni ne ya bambanta.

Yanzu mu komo da shi gida. A ce ayari yana cin kilomita 20 kowace rana, ba hutu, ba kuɗin fito, ba 'yan fashi. Zai kai wata cikin shekara 53. Rana kuwa sai ya yi zango wajen miliyan bakwai da rabi, wato fiye da shekara 20,000. Haske yana gama wannan tafiya cikin minti 8 da daƙiƙa 19. Tsakanin Kumasi da Kano, a miƙe, ya ɗara kilomita 1,200, wajen mil 850 na Roma, tafiyar da fatake sukan shafe watanni suna yi.

Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, daidai lokacin da Zango yake cika da baƙi daga arewa, goro kuma yana bin teku zuwa Ikko. Mil ya ture kwana. A 1975 Ghana ta koma ga mita da kilomita, mil ma aka ture shi daga allunan hanya. Duk da haka, je Kejetiya ka nemi atamfa: yadi shida ko goma sha biyu za a yanka maka, in ka tambayi tsoho nisan Tamale kuma, da mil zai amsa.