Me ya sa katin hoto ke cikewa idan ana haɗa zanen gine-gine a kwamfuta?

Hotunan rukunin gidaje da gadoji da kasuwanni da ake gani a allunan talla kafin a aza tubali, a kwamfuta ake haɗa su, da manhajoji irin su Blender da V-Ray da Lumion. Nauyin aikin yana kan katin hoto, wanda ke da tasa ma'adanar da ake kira VRAM. Idan ta cika, aikin kan tsaya cak ko ya koma tafiyar hawainiya. Masu zane da dama kan ɗauka sai sun sayi sabon kati, alhali kayan waje ne da ya ƙara tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Sau da yawa gyara zanen ya wadatar.

Me ke cinye ma'adanar?

Girmanta ƙayyadadde ne: katin RTX 4060 na da gigabait 8, RTX 4090 kuma 24. Duk abin da ke cikin zanen sai ya shiga ciki kafin a fara lissafin haske da inuwa.

Babban mai ci shi ne hotunan da ake lulluɓa wa bango da katako da tayil domin su yi kama da na gaske. Ƙanƙantar fayil ɗin JPEG yaudara ce, domin manhaja tana warware shi kafin ta yi aiki da shi. Hoto mai ɗigo 4,096 a tsaye da 4,096 a kwance yana cin kimanin megabait 64, mai ɗigo 8,192 kuwa megabait 256. Kuma kaya guda kan zo da hotuna uku ko huɗu: na launi, na ƙyalli, na kaushi. Kujera ɗaya da aka sauke daga intanet na iya laƙume gigabait guda.

Na biyu shi ne siffar kayan, wadda ake ginawa da ƙananan alwatika. Bishiyoyi da ciyawa da darduma masu gashi kan tara miliyoyinsu.

Yadda ake gano mai laifi

A Windows, sashen Performance na Task Manager yana nuna abin da katin ya ci, haka ma umarnin nvidia-smi ga katunan NVIDIA. A fara duba adadin kafin buɗe zanen, domin burauza ma tana da nata rabon. Daga nan sai a riƙa cire kayan zanen rukuni-rukuni ana sake gwaji. Rukunin da cire shi ya sa adadin ya sauka sosai, nan matsalar take.

Hanyoyin ragewa

Rage tsawo da faɗin hoto zuwa rabi yana mayar da nauyinsa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ido ba ya gane bambanci a kayan da ke nesa da kyamara. Sashen Simplify na Blender yana sanya wa dukkan hotunan iyaka lokaci guda.

Kayan da ake maimaitawa, kamar bishiyoyi ko fitilun titi, a kwafe su da Alt+D maimakon Shift+D, domin su yi tarayya a siffa guda. A V-Ray, ana mayar da manyan kaya zuwa Proxy. A goge abin da kyamara ba ta gani kuma ba ya tasiri ga haske, sannan a rufe tagar gwajin hoto kafin fitar da na ƙarshe.

Idan duk wannan bai isa ba, ana iya miƙa aikin ga babban injin kwamfutar, wanda ke amfani da RAM. Zai ɗauki lokaci mai tsawo, amma zai kammala. Sai bayan an bi waɗannan matakai ne batun sayen sabon kati ya dace ya taso, kuma a lokacin yawan VRAM ne abin dubawa na farko.